Goyon Ƙwan Zabi

Ran Lahadin da ta wuce, da kuka dawo daga hawan keke kuka zube a rumfata kuna haki, na ji abin da Nasiru ya ce. Ya ɗauka ƙarar injin niƙan maƙwabta ta danne muryarsa, bai san kunnena ya fi gwiwata lafiya ba. Cewa ya yi, "Su Baba Ilu ai yawo suka sha. Ka je ƙauye ka ɗauko ƙwai ka kawo gari, wannan har sana'a ce?" Kuka yi dariya, ni ma na yi, don tayarsa ce a hannuna, ban so facin ya karkace. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ba faɗa zan yi muku ba. Ina jin daɗin ganinku da kekunan nan naku marasa nauyi, kowa da kaske, hular kwanon nan, a ka, kun fita hanyar Durum tun da sassafe maimakon zaman kashe wando. Na kuma yarda tudun da kuke haurawa a zaune, ni ko da ƙuruciyata sai na sauka na tura. Sai dai ku, in kun kai kanku saman tudu aikinku ya ƙare, saura ku saki birki iska ta buge ku. Ni a nan nawa yake farawa, don ƙwan zabin mutane ne a bayana. Akwai ma shekarar da aka hana ni shiga ƙauyukan da nake ci da su, kuma komawata ko rashinta ta rataya a kan ƙwai cikin ƙwarya guda. Ita zan ba ku labari, amma sai kun fara sanin yadda ake aikin.

Wanda ya koya mini, Baba Kyari ne, maƙwabcin mahaifina a unguwar Birni, nan Damagaram. Kakanninsa daga Barno suka zo da fatauci, shi kuma ya gaji tafiya bai gaji raƙuma ba, sai ya sayi keke. Aikin farko da ya ba ni har yau hancina bai manta ba. Ya jera ƙwai a kwando da ƙaiƙayin gero, ya ɗaura mini a bayan keke, ya ce in zagaya duwatsun bayan gari in dawo. Na tafi ina taƙama, na sauko gangara da gudu. Tun kafin in iso ƙofar gida na ga yara suna toshe hanci suna watsewa. Ashe baragurbi ya tara mini, ruɓaɓɓen ƙwan da kaza ta kwanta a kai bai ƙyanƙyashe ba. Yana zaune a tabarma ko motsawa bai yi ba, ya ce, "Ba sai na buɗe kwando ba, Ilu. Je ka wanke, gobe ka sake." Haka na yi ta yawo da wari har ranar da na dawo ba wanda ya toshe hanci. Sannan ya bar ni na taɓa ƙwai mai kyau.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Baƙin keke mai sanda biyu, wanda maƙeri ya ƙara wa ƙarfe a mazaunin baya. Kwanduna biyu na kaba, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma dole nauyinsu ya zo daidai, in ba haka ba keken ya riƙa janka gefe yini guda. Robar tsohon tib na cikin taya ta ɗauri, don igiya ba ta da tausayi, ita roba tana ɗan bayarwa. Famfo, gam, faci, sifana guda. Robar birki kuwa da kanmu muke yankowa daga tsohuwar tayar mota, saboda ta kanti ba ta jure gangara biyu da kaya. Jeren ƙwai, tsinin yana kallon ƙasa, ƙaiƙayi ya raba kowane da ɗan'uwansa, ka danna da tafin hannu har ka ji ba mai motsi. Iskar taya kuma ba a cika ta. Ku kuna buga taya ta yi tauri don gudu, mu muna rage ta don ta shanye duwatsu.

Fita muke yi bayan sallar asuba. A lungunan Birni turawa ake yi saboda rairayi, sai an hau gudron, wato kwalta, a ɗan miƙe ƙafa, daga nan a karya zuwa jar hanya. Kowane tudu mun sa masa suna. Akwai Kashe-Gwiwa, wanda ba shi da tsayi amma ba ya ƙarewa. Akwai Sauka-ka-Gaisa, wanda ko waye kai sai ka sauko ka taka da ƙafa, in ban da ku na yanzu da ba ku da kunya. Da safe kwandunan ba nauyi, sai saƙon matan ƙauye: gishiri, sabulu, ashana, allura da zare. Da la'asar kuma duk tudun da ka haura ya zama gangara, ga kaya a baya suna tura ka. Baba Kyari bai taɓa damuwa da yadda nake hawa ba, a gindin gangara yake tsayawa ya zuba mini ido. In ruwa ya jiƙa ƙarfen taya birki ba ya kamawa, sai ka sa dunduniya a ƙasa kana ja, shi ya sa takalmin taya muke sawa. In damina ta yanke hanya da kwazazzabo, ka sauke kwanduna ka ƙetare da su ɗaya-ɗaya, sannan ka koma ka ɗauko keken.

A gari masu shayi ne abokan cinikinmu, na tasha da na Zango, sai mata masu dafaffen ƙwai. Su abin da suka sani, ƙwai ya zo bai fashe ba, in sun tsoma a ruwa ya nutse. Amma ainihin sana'ar tana can ƙauye, a hannun matan da ke ajiye maka ƙwai su hana wani. A hanyata babbar cikinsu Inna Gambo ce ta Rijiyar Kanya, tsohuwa wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna ci-rani. Zabinta ne abincinta, su ne maganinta, su ne gudummawarta in ana biki. Ta san inda kowace zabuwa ke ɓoye gurbinta a cikin yabanya, kuma da dogon ludayi take kwasa, wai kada zabuwa ta ji warin hannu ta sake wuri. Bakinta ba daɗi. Ba ta taɓa gaishe ni ba tare da ta kushe wani abu a jikina ba. Amma in ta ce wa matan garin, "Ku ajiye wa Ilu," to ko wa ya zo sai ya koma da kwando wayam.

Zabi da damina suke ƙwai. Da rani, don kada mu zauna, kaji muke saye a ƙauyuka mu kawo gari. A shekarar da nake faɗa muku, lokacin Baba Kyari ya tsufa ya bar mini hanyar, cuta ta shigo wa tsuntsaye bayan an gama girbi. Kaza tana kiwo da safe, da yamma wuyanta ya murɗe, gobe a jefar. Ta ci kaji, ta koma kan zabi. Abin da ya kashe ni shi ne yadda ta bi garuruwan: na farko, na biyu, na uku, daidai yadda nake tsayawa. Mutane kuma suna da ido.

Ranar da na isa Rijiyar Kanya, a bakin gari na tarar da maigari da wasu dattawa a ƙarƙashin itacen kanya. Na sauka na durƙusa na gaishe su. Maigari ya ce, "Ilu, ba mu da faɗa da kai. Amma keken nan da kwandunan nan, kada su sake wuce itacen nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa ina shiga garin nan?"

Ya ce, "Shi ya sa muka tare ka da baki."

Sai ga Inna Gambo ta fito da tsintsiya a hannu. Na zaci zagi zan sha, har na fi son hakan. Ta dube ni kawai ta ce, "Ɗan nan, ban ce kai ne ba. Amma ran da ka zo zabina suna kiwo, bayan ka tafi, da tsintsiyar nan na share su." Ta juya ta koma. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Kafin mako ya zagayo sauran ƙauyukan ma sun rufe mini ƙofa, don abin da Rijiyar Kanya ta yi shi suke yi.

Na je wurin likitan dabbobi a gari, wani saurayi mai haƙuri, na tambaye shi gaskiya tsakani da Allah, ni ne? Ya ce, "Baba, tana iya bin kwando, tana iya bin takalmin duk wanda ya je kasuwa, tana iya bin kazar da aka kai gidan suna. Ba wanda zai iya rantsewa." Ya ce in ƙone kwandunan, in wanke keken da sabulu, in daina ɗaukar kaji. Ya ƙara da cewa in mutane za su sake iri, gara su nemi ƙwai daga inda cutar ba ta je ba, da su sayo tsuntsu mai rai. Na ƙone kwandunan da Baba Kyari ya ba ni. Sauran ranin nan bido, wato jarkoki, na riƙa ɗaurawa a keke ina sayar da ruwa a Birni, kun dai san yadda ruwa yake a Damagaram.

Da damina ta sauka, wani mutumin Rijiyar Kanya ya tsaya shan ruwa a wurina. Ya ce garinsu shiru, ba kukan zabuwa ko ɗaya. Ya ce abin dariya ma, duk gidan Inna Gambo wata tsohuwar kaza mai saɓaɓɓen wuya ce kaɗai ta tsira, ga shi ta hau kwanci a kan gurbi ba komai a ciki, tsohuwar tana korarta tana komawa. Ya yi dariya ya tafi, ni kuwa na ajiye bido. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, kowa ya sani, kaza ake sa wa ƙwanta. Ga kaza ta samu, kuma kwancin kaza ba ya jiran mutum, in ta gaji za ta tashi.

Washegari na ɗauki hanyar yamma zuwa wajen Garagumsa, inda na ji cutar ba ta kai ba. Akwai wata mata a wani ƙauye can, Ta-Sallah, tsohuwar abokiyar cinikin Baba Kyari. Na kwana a garin, da safe ta zaɓo mini sababbin ƙwai daga garken da ke da maza, daidai abin da kaza ɗaya za ta rufe. Na fara jera su a sabon kwando yadda na iya, ina ji da kaina. Ta tsaya tana kallona, hannu a ƙugu.

Ta ce, "A kan ƙarfen nan za ka ɗora su?"

Na ce, "Inna, na fi shekara nawa ban fasa ƙwai ba."

Ta ce, "Na mai shayi ba. Shi ɓawo yake saye. Wannan abin da ke ciki ake so. In ya sha girgiza, za ka kai shi lafiya lau, ba tsaga ba komai, kaza ta ɓata watanta a kai, a ƙarshe baragurbi. Kuma ba za ka sani ba sai ranar."

Duk iyawar da nake taƙama da ita ta tsaya a ɓawo. Na ce to yaya zan yi? Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya da auduga da faifai da tsohon zane. Ta jera ƙwan a ƙwarya, ta rufe, ta naɗe, sannan ta ce, "Sunkuya." Na ce me? Ta ce, "Sunkuya mana, ba ka taɓa ganin ana goyo ba?" Ta ɗora mini ƙwaryar a gadon baya, ta ja zanen ta ɗaure a ƙirjina, ta ƙara majanyi. Ta ce jikin mutum ya fi kowane ƙarfe shanye girgiza, in dai ya san yana ɗauke da abu. Matan gidan suna ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce kada in zauna a sirdi in hanya ba sumul ba, kada kuma in bar rana ta dafa su.

Hanya biyu ce a gabana. In koma ta gudron har gari, sannan in bi jar hanyar Durum da na sani, amma ita damina ta mai da ta gargada tun daga farko har ƙarshe. Ko in yanke ta burtalin shanu da ke ratsa tsakanin tuddai, rairayi da dutse, inda rabin tafiyar turawa ce. Na zaɓi burtali, don rairayi yana cin gwiwa amma ba ya girgiza. Allah ya taimake ni gari ya yi lumshi. Inda ƙasa ta kwanta na hau, a tsaye kan feda, gwiwa a lanƙwashe, ina tafiya kamar mai ɗauke da miya a faranti. Inda ba ta kwanta ba na sauka.

Lokacin noma ne, gonaki cike da mutane, kuma ba gonar da na wuce ban sha tsokana ba. Wani ya ɗago daga kan hauya ya ce, "A'a! Barka da arziki! Me aka samu?" Wata ta ce, "Yaushe ne sunan, mu zo?" Wani tsoho har da tako mini ya ce wai ina shan kunun kanwa kuwa? Da farko raina ya ɓaci. Daga baya na ga ba riba, sai na riƙa amsawa, "Tagwaye ne da 'yan kai, ku sa mu a addu'a." Wasu da suka ji inda zan kai su sun daina dariyar, suka ce Allah ya raya.

Babbar gangarar tana gab da Rijiyar Kanya ta bayan gari, duk tsakuwa da falalen dutse mai santsi. Na tsaya a sama na dube ta. Ko tura keke a nan haɗari ne, don in ya zame zai ja ni. Na jingine shi a dutse na sauka da goyona kaɗai, a karkace, ƙafa ɗaya na neman wuri kafin ɗaya ta biyo, hannu a kan duwatsu. Sau ɗaya tsakuwa ta gudu a ƙarƙashina. Na zube a kan gwiwa da tafin hannu, na ƙi yarda bayana ya karkata, na tsaya a haka ina sauraron ƙwaryar ko zan ji wani abu. Gwiwar nan da kuke ganin ina ja, daga nan ta samo asali. Da na kai ƙasa ban iya kwance goyon ni kaɗai ba, ban kuma iya barin keken a sama ba, sai wani makiyayi ya sauko mini da shi.

A gindin kanyar na tsaya. Na ajiye keke, na cire takalmi, na roƙi wata mai ɗibar ruwa ta zuba mini na wanke ƙafa da hannu, na ce ta kira mini Inna Gambo. Kafin ta zo rabin gari ya taru, har da maigari. Ta iso ta zagaya ni sau ɗaya, ta kalli zanen, ta kalli jinin gwiwata.

Ta ce, "Wace marar aikin yi ce ta yi maka wannan ɗaurin?"

Na ce, "Ƙwan zabi ne, Inna, daga wajen Garagumsa. An ce kazarki na kwanci."

Ta ce in sunkuya, ta kwance majanyin a hankali, ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ta ɗaga faifan ta duba, ta mayar. Sannan ta ce, yadda kowa zai ji, "In sun ƙyanƙyashe, ni zan shigo da kai garin nan da kaina. In baragurbi ne, Ilu, mutane za su ce ka kashe na farko ka kawo na biyu a mace, kuma ba ni da bakin da zan tare maka." Maigari ya ce hakan ya yi.

Ƙwan zabi yana daɗewa a ƙarƙashin kaza, ya kusa wata. Na koma kan bido. Ina tura ruwa a lungu ina tuna faɗuwar nan, ina cewa a raina ko a nan na kashe su. Matata ta gaji da ni, ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin namiji mai jego ba sai yanzu. Tsoro nake ji, ba na kuma ɓoyewa, don ban iya wata sana'a ba, kuma ban san wasu hanyoyi ba sai waɗannan.

Da na ga lokaci ya yi kusa na kasa haƙuri na tafi. Na sake tsayawa a gindin kanyar. Ba wanda ya yi mini albishir, ba kuma kukan ɗan tsako a ko'ina. Inna Gambo ta fito fuskar nan a ɗaure, ta ce, "Cire takalmi ka biyo ni." Na bi ta muka wuce dattawa suna kallo, muka shiga gidanta, muka shiga wata 'yar bukka mai duhu-duhu. Kazar tana cikin fasasshiyar tukunya, ta kumbura tana gurnani. Ban ga ɓawo ko ɗaya a ƙasa ba. Tsohuwar ta durƙusa ta zura hannu a ƙarƙashinta, kazar ta sassare ta, ko a jikinta. Ta fito da ƙwai guda ta ce, "Kawo kunnenka."

Da ɗuminsa ta manna mini shi. Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Sannan na ji wani abu yana ƙwanƙwasawa daga ciki, a hankali, ya tsaya, ya sake. Sai wani siririn kuka, tsiyu, tsiyu. Ƙwan da ya bi ta hannuna a duniya Allah kaɗai ya san yawansa, duk a kasko suka ƙare, ban taɓa jin ɗaya ya yi motsi ba sai ranar. Na riƙe shi a kunne, ni ƙato da gemu hawaye yana zubo mini.

Ta ce, "Ba ni nan kada ya huce." Ta mayar da shi ƙarƙashin kazar, ta miƙe tana dafa gwiwa, ta harare ni. "Kai kuma je ka shigo da kekenka. Ka bar shi can a rana kamar ba shi da kowa a garin nan."